Imel ɗin da ke rufe kansa bayan Azahar: yadda muka bi sawun matsalar a wani ofishi a Kaduna

Saura 'yan makonni a kama azumi Hajiya ta kira ni. Ofishinta yana saman wani bene a kan titin Ahmadu Bello, inda suke shirya wa mutane tafiyar Umara da Hajji ta jirgin yawo. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san gab da Ramadan ba a zama: hotunan fasfo na shigowa, takardun biza na fita, masu masauki a Makka da Madina na jiran amsa, kuma kusan komai ta imel yake bi.

"Injiniya, don Allah ka zo ka duba mana kwamfutar nan," in ji ta. "Yarinyar nan tana cikin rubutu sai imel ɗin ya ɗauke, ta ga wayam. Yau sau biyu. Wani lokaci kuma sai a kwana uku lafiya lau."

Na ce, "Ranki ya daɗe, akwai wanda ya taɓa ta kafin ni?"

Akwai. An kira wani mai gyara, ya cire manhajar imel ɗin ya sake sa ta har sau biyu, ba abin da ya canja, daga ƙarshe ya ce sai dai a yi wa kwamfutar fomatin, wato a goge komai da ke cikinta a sake ɗora Windows. Hajiya ta ƙi, don a cikin kwamfutar nan duk wasiƙun kamfanin na shekara da shekaru suke. Ƙin da ta yi shi ya tsirar da su, kamar yadda za a gani a gaba.

Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa, mai Windows 10, tana ƙasan teburin sakatariya kusa da taga. Manhajar imel ɗin Thunderbird ce, wadda Mozilla ta fitar tun 2004 kuma ake amfani da ita kyauta. Ranar da na fara zuwa na zauna awa biyu cur ina buɗe wasiƙu, ina bincike, ina aika saƙo da manyan hotuna, ko gezau ba ta yi ba. Sakatariyar ta shiga damuwa, ta ce, "Wallahi Injiniya tana yi, ba ƙarya nake ba." Na ce mata na yarda ɗari bisa ɗari. Irin wannan matsala mai zuwa ta tafi halinta ke nan, kamar yaron da ya kwana da zazzaɓi, da an isa asibiti sai jiki ya yi sanyi.

Kafin in taɓa komai na kwashi kwafi. Thunderbird tana ajiye duk abin da ya shafi mai amfani da ita a folda guda, daban da inda ita kanta manhajar take. A Windows, in ka rubuta %APPDATA%\Thunderbird\Profiles za ka iske ta: wasiƙu, adireshin mutane, saituna, duk suna nan. Wannan ne ya sa cirewa da sake sawa da aka yi sau biyu bai amfana komai ba, domin sabuwar manhajar tsohuwar foldar take komawa ta buɗe. Na rufe manhajar, na kwafe foldar gaba ɗaya zuwa faifan ajiya na waje. Ya ɗauki lokaci, don ta haura giga 11.

Ina jiran kwafin na aika yaron ofis ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta. Na ja layuka huɗu na ba sakatariyar. Na ce, "Malama, duk sanda ta yi, ki rubuta ƙarfe nawa ne, me kike yi a lokacin, wuta ce ko janareta, sannan me kika gani da idonki. Ko sau ɗaya kada ki tsallake." Na kuma roƙe ta, in ƙaramar tagar nan ta neman afuwa ta fito bayan manhajar ta rufe, kada ta kore ta kamar yadda ta saba, ta bari a aika rahoton. A wurina wannan littafi ya fi duk kayan aikin da ke jakata, domin ni ba zan tare a ofishin ba, ita ce ke gaban allon daga safe zuwa yamma.

Cikin kwana huɗu littafin ya nuna mana cewa abin da ofishin ke kira "ɗaukewa" abu uku ne mabambanta. Akwai lokacin da manhajar ke sandarewa, allon ya yi fari-fari, in an yi haƙuri minti ɗaya ko biyu ta dawo. Akwai lokacin da take rufe kanta farat ɗaya. Akwai kuma lokacin da kwamfutar dungurungum ke mutuwa. Na ukun bai da wahalar ganewa. Da na buɗe tarihin lafiyar kwamfuta na Windows, wanda ake samu in an rubuta perfmon /rel, sai ga jajayen alamomi jere suna cewa ba a kashe Windows ta hanyar da ta dace ba. Akwatin UPS, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, yana nan a ƙarƙashin tebur, fitilarsa na ci, amma batirinsa ya daɗe da mutuwa. Da an ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta a juya layi, kwamfutar ta riga ta tafi.

A wannan tarihi na ga wani abu da ban ba shi muhimmanci ba a ranar: manhajar na'urar sikanin ta faɗi sau biyu, mai buɗe foldoji na Windows ma sau ɗaya. Na ce a raina tsohuwar kwamfuta ce, dole a samu irin wannan. Kuskure ne, kuma ya jawo wa ofishin ƙarin mako biyu na wahala.

Na bi waɗanda aka saba zargi ɗaya bayan ɗaya, ba na canja abu biyu a rana guda. In ka riƙe madannin Shift yayin buɗe Thunderbird, tana tashi a yanayin gwaji da ake kira "Troubleshoot Mode", inda take kashe ƙananan manhajojin da aka ɗora mata, ta kuma daina dogara da katin hoto wajen zana allo. Sakatariyar ta yi kwana biyu a haka, ranar ta biyu manhajar ta rufe kanta. Ke nan waɗannan biyun sun fita daga zargi. Sai manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ita tana da hannu, amma a sandarewar kawai: duk sanda sabuwar wasiƙa ta shigo, sai ta tsaya bin babban fayil ɗin wasiƙun tana bincike, Thunderbird kuma ta yi tsaye tana jira. Da na gyara saitin, sandarewa ta ragu ƙwarai.

Inda na daɗe shi ne cikin foldar wasiƙun kanta, kuma a nan ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin yake. Thunderbird, a tsarinta na asali da ake kira mbox, ba ta ajiye kowace wasiƙa a fayil nata. Duk wasiƙun da ke akwati ɗaya a fayil guda take jera su, wannan na bin wannan, har da hotuna da takardun da aka maƙala. Kuma abin da aka maƙala a imel yakan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda ake mayar da shi haruffa kafin a aika. Ka lissafa hotunan fasfo na shekaru. Fayil ɗin Inbox kaɗai ya kusa giga 9. A gefensa akwai ɗan ƙaramin fayil mai suna Inbox.msf, wanda yake kamar fihirisar littafi: shi ke gaya wa manhajar cewa wasiƙa kaza daga wuri kaza ta fara. In ka share wasiƙa, ba a cire ta nan take, alama kawai ake sa mata. Sai ranar da aka matse akwatin, wato "Compact", manhajar take sake rubuta fayil ɗin daga farko ta zubar da sharar.

To, a cikin foldar na iske fayiloli masu suna nstmp, nstmp-1, nstmp-2, manya-manya. Waɗannan su ne fayilolin wucin gadi da ake rubutawa lokacin matsewa, kuma ba sa zama sai in aikin ya katse a tsakiya. Matse giga 9 a tsohon faifai yana ɗaukar lokaci mai tsawo, ga UPS marar batir, ga wutar da ba ta da tabbas. Na tambayi sakatariyar ko ta taɓa danna wasiƙa ta ga abin da ke ciki na wata wasiƙar ne daban. Ta zaro ido ta ce, "Sau da yawa! Na ɗauka ni ce nake kuskure." Fihirisar ta rikice ke nan.

Na shiga bayanan akwatin na danna "Repair Folder" don a sake gina fihirisar. Na rufe manhajar na share global-messages-db.sqlite, wato kundin binciken wasiƙu, wanda take sake ginawa da kanta. Na raba tsofaffin wasiƙu zuwa foldoji shekara-shekara har Inbox ya dawo ƙasa da giga 1, sannan muka matse shi a kan janareta, na tsaya a kai har ya gama. Muka sayo sabon batir mai bolt 12 aka sa wa UPS. Kwamfutar ta yi sauƙi kamar an sauke mata kaya. Kwana biyar ba ko tari. Hajiya ta yi godiya, ta sallame ni, ni ma na tafi da zuciyar an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Rana ta shida da la'asar ta sake kira, muryarta a sanyaye. Manhajar ta rufe suna tsakiyar aika sunayen matafiya, kuma ba su san ko saƙon ya tafi ba. Na ji nauyi sosai, domin na ce mata an gama alhali ban tabbatar ba. Abubuwan da na gyara matsaloli ne na gaske, amma ba su ne tushen rufewar ba.

Wannan karon rahotannin faɗuwa na fara buɗewa. A cikin Thunderbird, ƙarƙashin "Help" akwai shafin "Troubleshooting Information", a nan ake ganin rahotannin da aka aika, kowanne da lamba mai farawa da bp-. In ka danna, zai kai ka shafin Mozilla inda za ka ga a wane ɓangare na manhajar abin ya faru. Godiya ga sakatariyar, akwai rahoto bakwai. Na buɗe su duka na jera. Ba biyu da suka yi kama. Wannan a wajen zana rubutu a allo, wancan a wajen tsaftace ƙwaƙwalwa, wani a wajen karanta fihirisa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne dalilin da aka rubuta, cewa manhajar ta nemi taɓa wani gurbi na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba. Na koma tarihin Windows na duba faɗuwar manhajar sikanin da na yi watsi da ita: lambar kuskuren 0xc0000005, wadda ma'anarta ɗaya ce da wancan.

Nan hankalina ya juya. Kuskuren da ke cikin rubutun manhaja yana da ɗabi'a, wuri ɗaya yake kama mutum, kamar ramin da ke kan hanyar gidanku. In ka ga faɗuwa yau nan, gobe can, kuma har maƙwabtan manhajar suna faɗuwa da irin lambar, sai ka fara zargin ƙasar da dukansu suke tsaye a kai.

Sai na ɗauko littafin. Rubutun sakatariyar tsaf, da jan biro a inda manhajar ta rufe. Ban ga ko ɗaya kafin sha biyun rana ba. Duka tsakanin Azahar ne da tashi, kuma kusan a kowanne ta rubuta cewa tana da shafukan biza da yawa a buɗe a burauza, ko tana sikanin fasfo. Na tambaye ta ko burauzar ma tana ba ta matsala. Ta ce wani lokaci shafi ɗaya yakan mutu, ta sake loda shi ta ci gaba, ba ta ɗauke shi komai ba. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa imel kaɗai ya sha zargi. Burauzojin zamani suna raba shafuka gida-gida, in ɗaya ya faɗi saura na nan. Manhajar imel kuwa in ta faɗi gaba ɗayanta take tafiya, da wasiƙar da ake rubutawa, kuma ita ce a buɗe tun safe har yamma.

Na yi gwaji biyu. Na farko, da izinin Hajiya, na ɗora kwafin foldar wasiƙun a wata kwamfutar ofishin, sakatariyar ta koma can da aiki. Wasiƙu iri ɗaya, manhaja iri ɗaya, mutum ɗaya, kwana uku ba abin da ya faru. Na biyu, na buɗe cikin kwamfutar da ake zargi. Ƙurar hunturu ta yi mata bargo. Fankar da ke kan furosesa, wato injin lissafin kwamfutar, ta toshe da wani abu kamar audugar katifa, ga taga a gefe, ga zafin bazara ya fara shigowa. A kan babban allon da kayan cikin kwamfutar ke jone a kai akwai sanda biyu na ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, kowace giga 4, amma ba iri ɗaya ba: ɗaya koriya mai tambarin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ɗaya kuma takardar jikinta ta koɗe har ba a iya karantawa.

"Ranki ya daɗe, an taɓa ƙara wa kwamfutar nan ram?"

Ta yi shiru, sannan ta ce bara ne, da aka ce tana nauyi, aka sayo na hannu aka sa.

Windows tana da nata gwajin ƙwaƙwalwa, ana kiran sa da rubuta mdsched. Na gudanar da shi da safe, kwamfuta a sanyaye, ya ce komai lafiya. Hankalina bai kwanta ba, domin littafin ya ce bayan Azahar abin ke faruwa. Na ɗauki kwamfutar a keke na kai shagona inda nake da sola, ban kakkaɓe ƙurar ba da gangan, don ina so in same ta yadda take a ofis. Na tayar da ita daga filashi da Memtest86+, manhaja ce ta kyauta da ke aiki ba tare da Windows ba, tana rubuta lambobi a kowane gurbi na ram ta sake karantawa ta ga ko sun dawo yadda ta rubuta. Zagaye na farko ya wuce lafiya. Na biyu ma haka. Na je sallar Isha'i na dawo, sai na iske ƙasan allon ya yi ja. A zagaye na uku, bayan injin ya ɗau zafi, kurakurai sun fito, kuma a yanki ɗaya suke maimaituwa: an rubuta lamba, an karanto ta da bambancin ɗigo guda, wato sifili ɗaya ya koma ɗaya ko akasin haka.

Ɗigo guda ya isa. In ya faɗa a cikin hoto, wataƙila ba wanda zai lura. In ya faɗa a lambar da ke nuna wa manhaja inda za ta je ta ɗauko bayani, sai ta nufi gurbin da ba nata ba, Windows kuma ta tsayar da ita nan take. Da safe, kwamfuta a sanyaye kuma ba a cika ƙwaƙwalwar ba, da wuya wani abu mai muhimmanci ya sauka a gurbin da ya lalace. Da rana ta take, zafi ya taru, shafuka sun yi yawa, sai damar ta ƙaru.

Ban tsaya nan ba, don kuskure a gwaji bai faɗi wace sanda ce ba, kuma yana iya yiwuwa ramin da ake soka ta ne ke da datti. Washegari na hure ƙurar da bulowa, na goge bakin sandunan, na gwada kowace ita kaɗai. Koriyar ta kwana tana zagaye ba kuskure ko ɗaya, a ramin farko da na biyu. Ta hannun kuwa a duk ramin da na sa ta sai ta yi ja, ko da yake bayan an share ƙurar ta fi daɗewa kafin ta fara. Na sayo sabuwa mai irin gudun koriyar, na haɗa su, na bar gwajin dare guda kafin in mayar da kwamfutar.

Da na kai, na zauna da Hajiya kan abin da ya fi tayar mini da hankali a duk aikin, wanda ba shi aka kira ni in duba ba. An saita akwatin imel ɗinsu da tsarin POP3, wanda ke sauko da wasiƙu cikin kwamfuta, kuma an zaɓi a riƙa share su daga saba, wato kwamfutar kamfanin imel da ke karɓar wasiƙu, bayan 'yan kwanaki. Ma'ana, kafin zuwana, wasiƙun shekarun nan duka ba su da kwafi a ko'ina a duniya sai a wannan tsohon faifai da ke shan ƙura a ƙasan tebur. Na ce, "Hajiya, da kin yarda an yi fomatin ba tare da an kwashe foldar nan ba, da babu wanda zai iya dawo miki da su." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Ya kiyaye. Yi abin da ya dace." Muka mayar da akwatin tsarin IMAP, inda wasiƙu ke zama a saba kwamfuta kuma ta riƙe kwafi. Tsofaffin, tunda sun fi ƙarfin wurin da aka ba su a saba, suka zauna a foldojin cikin kwamfuta, tare da kwafi a faifan waje da sakatariyar ke sabuntawa duk Alhamis kafin a tashi. Na kuma sa aka ɗaga kwamfutar daga ƙasa aka nisanta ta da taga, na sanar da Hajiya cewa Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, don ta sa sayen sabuwa a lissafinta.

Akwai saura guda. Ram mai lahani ba faɗar da manhaja kaɗai yake yi ba, yana iya ɓata abin da ake rubutawa a faifai ba tare da wata alama ba, kuma wannan kwamfuta ta yi kusan shekara a haka, ga katsewar wuta a tsakiyar matsewa. Don haka na roƙi sakatariyar, kafin a aika takardun kowane matafiyi na wannan zango, ta buɗe kowane hoton fasfo ta gani da idonta. Ta yi yini biyu tana yi. Biyu ta samu da matsala: ɗaya ya ƙi buɗewa sam, ɗaya kuma rabinsa na ƙasa ya koma toka-toka, daidai inda layukan lambobin fasfo suke. Ba zan iya rantsewa cewa ram ɗin ne ya ɓata su ba, domin katsewar wuta ma tana iya yin haka. Na farkon na wani dattijo ne a Zariya, ɗansa ya sake ɗauka ya turo a ranar. Ta biyun wata baiwar Allah ce daga Rigasa, ita da kanta ta kawo fasfon ofis aka sake sikanin.

Na bar littafin a teburin sakatariyar na ce ta ci gaba da rubutawa har bayan Sallah, kuma a wannan karon ban ce wa Hajiya an gama ba sai da aka yi mako uku. Da na leƙa ranar ashirin ga azumi, rubutu biyu ne kawai suka ƙaru a shafin, dukansu da baƙin biro: an ɗauke wuta, UPS ya riƙe har aka tayar da janareta.